Dawar Da Aka Kawo Wa Dillalin Dawa

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku da iyalanku.

Sunana Bitrus, amma a kasuwar birnin Zariya sai ka ce Bitrus Mai Dawa kafin a gane wanda kake nufi. Fasto ya daɗe yana roƙona in rubuta wannan shaida don takardar zumuntar maza, ni kuma ina ta ja masa rai, domin ban saba fitar da kaya ba tare da na san hannun da za su faɗa ba. Yanzu na yarda. Sunayen mutanen da zan ambata ba nasu ba ne, na canza su da gangan.

Na shigo birni daga ƙauyenmu ina saurayi, da dako na fara, har Allah ya sa na kama sito na kaina. Ni kaɗai ne Kirista a layinmu. Duk da haka manyan gidajen unguwar Kwarbai, na malamai da na ma'aikatan gwamnati, wurina suke aikowa a auna musu hatsin shekara, don sun ce Bitrus ba ya algus. Abin da ke bakin buhu shi ne a gindinsa.

Amma akwai ɓangaren cinikina da mutanen birni ba su sani ba. Ni ne nake kai wa masu dafa burkutu na bayan gari dawa. A wurinsu akwai al'ada: in ka sauke kaya, sai mai gidan ta ɗebo maka ƙwarya ɗaya, ta ce ka ɗanɗana ka ji abin da dawarka ta wancan karon ta yi. In ka ƙi, ka raina sana'arta. Da ƙwarya ɗaya na fara. Daga baya sai na lura ina ƙirƙiro dalilin kai kaya ko ba a nema ba. Daga burkutu na koma kwalba, daga kwalba na koma ogogoro. Aljihuna kullum cike da goro da kanumfari saboda wari. Ranar Lahadi ina sahun gaba a sujada, da babbar riga, kaina yana sarawa.

Matata Rifkatu ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi azumi. Dattawan ikilisiya sun zo gida sun ɗora mini hannu. Na yi alkawari a gaban bagade fiye da sau ɗaya, kuma da gaske nake a lokacin. Alkawarin yakan kai ni ranar kai kaya ta gaba, nan yake tsayawa.

A shekarun nan da kowa ke kukan tsadar rayuwa a ƙarƙashin mulkin soja, jikina ya ba ni amsa. Idanuna suka yi rawaya, cikina ya kumbura, aka kwantar da ni a asibiti. Likita bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce hantata ta gaji, kuma in na koma wa giya, in fara nuna wa Rifkatu inda na ajiye takardun gida.

Ranar da za a sallame ni, wani nas dattijo yana cire mini allurar ƙarin ruwa, sai ya rage murya ya ce akwai wasu mutane a cikin birni masu irin ciwona, suna zama ranar Laraba bayan la'asar suna taimakon juna. Bai san gidan ba. Ya ce in je wurin mai shayin da ke kusa da Ƙofar Galadima in tambayi masu shayin Laraba.

Tambayar farko da na yi masa ita ce, nawa ake biya? Ya ce ba a biyan komai. Nan take zuciyata ta ƙi abin. Na tsufa a kasuwa, duk wanda ya ce mini kyauta ne, na san akwai inda zai fanshe. Ban da haka, a cikin birni? Inda ko sunan giya ba a kira da ƙarfi? A lokacin ma ana zaman ɗar-ɗar tsakanin Musulmi da Kirista, kowa yana kallon kowa ta gefen ido. Na ce a raina ko dai tarko ne na kama mashaya, ko kuwa hanya ce ta musuluntar da mutum yana cikin rauni.

Na koma gida na yi ta fama ni kaɗai. Hannuna yana rawa, barci ya ƙi, tuwo ba ya shiga. Wata rana na tsinci kaina a kan babur na kama hanyar gidan burkutu ba tare da na yi niyya ba. Na juya da ƙyar, na nufi Ƙofar Galadima.

Na zauna a bencin mai shayi, na sa ya haɗa mini, na sha rabi ina nazarinsa. Da mutane suka ragu sai na ce ina neman masu shayin Laraba, wani ƙanina ne yake da matsala.

Bai ko ɗago daga yankan burodi ba. Ya ce, "Ikon Allah, duk wanda ya zo nan ƙaninsa ne ba shi da lafiya. Yayyen dai ƙalau suke. To, ka ce wa ƙanin naka ya zo da kansa ranar Laraba, ya zauna daidai inda kake zaune."

Ranar Laraba na je na zauna. Wani dogon mutum mai keke ya zo ya tsaya a kaina, ya ce sunansa Tanko, in biyo shi. Na bar babur a wurin mai shayi, na bi shi lungu-lungu, ina lura da kowace kwana don in san hanyar gudu. Muka shiga wani zaure a gefen Kwarbai, mai tabarmi biyu da buta a kan gawayi.

Mutum kamar takwas ne a ciki. Mai gidan, Malam Haruna, tsohon akawu ne da ya yi ritaya. Tanko direban babbar mota ne a da, giya ta raba shi da sitiyari, ya koma noma wata 'yar gona a jikin ganuwa. Akwai tela, akwai wani malamin makaranta Kirista daga unguwar Kongo ta nan Zariya. Wanda ya fi girgiza ni shi ne wani Alhaji, babban ma'aikaci, wanda ni ne nake auna wa gidansa hatsi. Muka haɗa ido. Ya kau da kai, ni ma na kau da nawa.

Malam Haruna ya yi mini bayani a taƙaice. Ba a wa'azi a nan, kowa ya riƙe addininsa, in an kira magariba Musulmi su tafi masallaci, saura su kama gabansu. Ba a ba da magani. Kowa yana faɗin yadda makonsa ya wuce, in ya sha ya ce ya sha. Doka ɗaya ce: abin da aka faɗa a zauren nan, a nan yake kwana.

Na yi makonni ina zuwa ban ce uffan ba. Ina ji suna faɗin abubuwan da ni ko Fasto ban taɓa gaya wa ba. Tanko ya ba da labarin yadda ya sayar da keken ɗinkin matarsa, tela ya ce masa ai da shi ya kawo wa, da ya ba shi farashi mai kyau, aka yi dariya har da shi Tankon. Abin mamaki, tun da na fara zuwa ban sha ba. In ƙishin ya taso mini ranar Litinin, sai in ce bari dai in kai Laraba. Amma ban yarda da su ba. Kullum ina jiran ranar da za a fito da ainihin farashin.

Mu dillalai muna da wani ƙarfe mai tsini da muke soka wa buhu a tsakiya, ya fito da abin da ke ciki. Ba ma yarda da abin da ke sama. Sai na ce bari in yi wa zauren nan haka. Zan faɗi wata magana mai zafi wadda ba gaskiya ba ce, irin wadda in ta fita dole ta iso kasuwa. In na ji ta a waje, na san zauren yana yoyo, in tattara in tafi tun ban faɗi sirrina na gaske ba.

Da Laraba ta zo na ce ina da magana. Na sunkuyar da kai na ce jarina ya karye, giya da asibiti sun cinye shi. Buhunan da ake gani a sitona na wani ne, ni gadi kawai nake yi. Na ƙara da cewa a gidana sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Babu labarin da ke gudu a kasuwa kamar na karyewar dillali. In ya fita, manoma za su fara kai kayansu wani wuri, maƙwabcina na layi kuma ba zai iya ɓoye murnarsa ba.

Malam Haruna ya ce Allah ya kawo sauƙi. Alhaji ya dube ni ya daɗe, na ce a raina, to, kai ne za ka fara fitar da maganar.

Na zauna a bakin sito ina karanta fuskoki. Duk wanda ya gaishe ni sai in auna gaisuwar, ko akwai tausayi a ciki. Manoman ƙauye suka sauke kaya kamar kullum. Maƙwabcina ya ci gaba da tsokanar da ya saba, cewa mudun Kirista ya fi na kowa zurfi don ba ya zuwa Makka. Daga gidan Alhaji aka aiko a auna gero, ba ƙari ba ragi. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Shiru. Maimakon in ji daɗi, sai na ce wataƙila suna da wayo ne, suna jiran babban kifi.

Wata ranar Asabar na dawo gida cin abincin rana, na tarar da Rifkatu tsaye a tsakar gida ta riƙe ƙugu, ga wani tsohon buhu a gabanta, ya ɗan wuce rabi. Ta ce wani dogon mutum mai keke ne ya kawo da safe. Ya ƙi shigowa, ya ƙi faɗin sunansa, ya ce kawai saƙo ne daga abokan maigida, kada ta gaya wa kowa.

Ta ce, "Baban Ladi, wane ne yake kawo wa dillalin dawa dawa? Me ka je ka faɗa a waje?"

Na kwance bakin buhun na zura hannu har gwiwar hannu, kamar yadda na saba. Hannuna ya gaya mini komai tun kafin idona ya gani. Ba dawar mutum ɗaya ba ce. Akwai kaura ƙanana, 'yar gonar da ba ta ga taki ba, ba a ma sheƙe ta da kyau ba, ga ƙaiƙayi ga tsakuwa. Wannan ta Tanko ce, daga jikin ganuwa. Akwai farafara tsohuwa da ƙwari suka fara taɓawa, irin wadda ake ɗebowa daga gindin rumbu. Akwai kuma wata mai kyau, tsabtatacciya, wadda na gane ta sarai, domin ni na auna wa gidan Alhaji ita da hannuna. Kowa ya ɗebo daga abin da iyalinsa ke ci, aka zuba wuri ɗaya. Da a kasuwa aka kawo mini wannan buhu, da na ce algus ne na kore shi.

Ku ji irin zuciyar da nake da ita. Abin da ya fara zo mini shi ne sun gano ni, ba'a suke yi mini. Na juya abin ta kowace fuska ina neman inda ribarsu take. Ban samu ba. Tanko yana da 'ya'ya biyar, kuma gonarsa ba ta kai shi damina.

Kunya ta rufe ni, kuma ni hanya ɗaya na sani ta maganin kunya. Na bar Rifkatu a tsaye, na hau babur na fita. Na isa har ƙofar gidan burkutu, ina jin warin tukunya, mai gidan ta hango ni ta fara washe baki tana cewa maraba da ɓataccen baƙo. Ƙafata ɗaya tana ƙasa. A nan, a kan babur, da rana tsaka, na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Ba ta da tsari. Na ce, Yesu, ka ga ni, ni maƙaryaci ne, na cuci matalauta sun ba ni abincinsu. In na shiga gidan nan mutuwa zan yi. Ban iya juya babur ɗin nan ba, kai ka juya shi.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a hanyar gida, hawaye yana hana ni ganin titi. Na zaunar da Rifkatu na gaya mata komai, har da zauren da ban taɓa ambata mata ba. Ta ce abu ɗaya ne ya rage, in je in faɗa musu. Na ce za su kore ni, kuma in suka kore ni ban san abin da zai riƙe ni daga Litinin zuwa Laraba ba. Ta ce ta sani.

Ranar Laraba na ɗaure buhun a bayan babur na kai shi har tsakiyar zaure. Na tsaya a tsaye na ce jarina bai karye ba, buhunan sito nawa ne, gidana ana cin abinci sau uku. Na ce gwada su na yi, in ga ko maganar za ta fita.

Tanko ne ya fara magana.

"Wato soka mana ƙarfe ka yi, kamar buhu. To, me ka gani a ciki?"

Na tsaya ina kallon buhun.

Alhaji ya ce shi abin da ya dame shi daban ne. Mutumin da ya iya zama makonni yana jin asirin kowa bai faɗi nasa ba, sannan da ya buɗe baki ƙarya ta fito, wa ya san wanda ya aiko shi? Ya ce in sunansa ya fita, ba aikinsa kaɗai zai rasa ba, 'ya'yansa mata ma ba mai zuwa neman aurensu. Malamin nan na Kongo, ɗan'uwana Kirista, bai kare ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Duk zargin da na shigo da shi zauren nan, ga shi an juyo mini da shi, kuma nasu yana da hujja.

Malam Haruna ya ce in fita waje in jira. Na zauna a dakalin ƙofar gida ina jin muryoyi suna tashi suna sauka, ban san me ake cewa ba. Ban taɓa jiran wani ciniki da faɗuwar gaba irin wannan ba.

Da aka kira ni, Malam Haruna ya ce sun yarda in zauna, amma ba za a ƙara faɗin komai a gabana ba sai na fara faɗin nawa, na gaskiya, yau ɗin nan. Na faɗa. Na faɗi ƙwaryar farko, da goro da kanumfari, da Lahadin da na karɓi jibin Ubangiji da warin ogogoro a bakina, da inda babur ya kai ni ranar Asabar. Na ba su abin da in ya fita, na gama ciniki a birni. Alhaji yana saurare, a hankali na ga kafaɗunsa sun sauka.

Da na gama sai na tura buhun gaban Tanko, na ce ga kayansu, kuma gobe zan kawo wa kowa buhu guda daga sitona, mai kyau.

Tanko ya tura shi da ƙafa ya dawo gabana.

"Ba ma so. Kai komai sai ka biya don kada a ce an yi maka alheri. Ɗauki abinka. A yi maka tuwo da ita, ka ci har ta ƙare."

Tela ya ce in yi hankali da haƙorana in na iso kan ta Tanko. Ba kowa ne ya yi dariya ba, amma Malam Haruna ya miƙo mini kofin shayi.

Na mayar da buhun gida. Rifkatu ta kai niƙa yadda yake, ba ta ware komai ba. Tuwon ya fito baƙi-baƙi, yana da gari-garin ƙasa a baki, yara suna ta ɓata fuska. Ni, da sito cike da dawar da ta fi kowacce kyau a birnin Zariya, na zauna na ci wannan tuwo kullum har buhun ya ƙare. Duk lomar da na kai baki sai na tuna daga tukunyar wa aka rage ta. A kan wannan tuwon na koyi karɓar abin da ban biya ba, kuma sai a lokacin na fara gane alherin da ake yi mana wa'azinsa tun ina yaro.

Na daina kai wa masu burkutu dawa. Cinikina ya ragu, ban mutu ba. Shekaru sun wuce yanzu ban sa giya a bakina ba, amma ba na cewa na fi ƙarfinta. Har yau Laraba bayan la'asar ba a samuna a sito. Tanko ya daɗe kafin ya sake sakin jiki da ni, kuma bai yi laifi ba. Yau in ƙishin ya taso masa, ƙofata yake bugawa, ni ma tasa nake bugawa. Abin da na faɗa a zauren nan kuwa, ban taɓa jin sa a bakin kowa ba, sai yau da na rubuta shi da hannuna.

Na gode wa Yesu da ya juya babur ɗin nan. Na gode masa da ya bi da ni ta hannun mutanen da ban zata ba, waɗanda yawancinsu ba ma coci ɗaya ko addini ɗaya muke ba. Ɗan'uwa, in kana karanta wannan da goro a aljihu don ɓoye wari, kada ka zauna kai kaɗai kana alkawari. Ka dogara ga Ubangiji, ka nemi masu irin ciwonka. In ba ka san inda za ka fara ba, ka same ni bayan sujada. Ba sai ka ce ƙaninka ne ba shi da lafiya ba, ka zo kawai mu tafi tare.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.